Ina Kayanmu da Ka Ɗauka?

A can ƙasan akwatin kakata, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai ranar salla, akwai wani baƙin dutse mai santsi wanda bai cika tafin hannu ba, bakinsa guda a wase kamar na gatari. Gatarin aradu take ce masa. Kakanmu ne ya tsinto shi a gona washegarin wani ruwa mai tsawa, kuma kowa a gidan ya yarda daga sama ya faɗo. Ba ta barin yara su taɓa shi sai ni, don sunan mijinta aka sa mini. In ta buɗe akwatin sai ta ce, "Zo maigidana, riƙe mini." In tsaya ina jin sanyinsa a hannu har ta gama ninke kayanta.

Ni haifaffen wani ƙauye ne kusa da Birnin Kudu, tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Da kiwon awaki na tashi, kuma duk yaron da ya yi kiwo a wajenmu ya san duwatsun nan: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. A inuwarsu muke fakewa in rana ta take. A jikin dutsen akwai zanen shanu da jan launi, wasunsu da dogayen ƙahoni amma babu tozo, ba irin na Fulanin da ke sauka bayan garinmu ba. Akwai kuma duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, wurin bugun har ya lotse ya yi sumul saboda hannuwan da suka riga namu. Muna bugawa muna dariya, ba wanda ya taɓa ce mana abin a tsaya a yi tunani ne.

Da na gama sakandare na samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, wanda a can ake kira akiyoloji. Da na yi wa Baba bayani ya daɗe shiru, sannan ya ce, "In dai tonon ƙasa ne, ga gona ga fartanya." Amma ranar kasuwa ya ja bunsuru biyu ya sayar, ya damƙa mini kuɗin rajista. Allah ya jiƙansa.

A Zariya na ji sunan Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, wanda a shekarun 1950 ya yi rubutu a kan zanen Birnin Kudu da duwatsun kiɗan da muke wasa da su. A nan na san ashe wurin fakewarmu yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta sa wa kariya. A nan kuma na ga gatarin aradu har guda shida jere cikin gilashi. Malaminmu ya ce mutane ne suka fasa dutse suka wasa shi a jikin wani dutsen da yashi da ruwa, suka ɗaura masa ƙota suna sara da shi tun ƙarfe bai wadata ba. Abin da ya sa ake tsintarsa bayan tsawa kuwa, ruwa mai ƙarfi ne ke wanke ƙasar da ta rufe shi.

Da na zo hutu na faɗa wa kakata, ina ɗari-ɗari kada ranta ya ɓaci. Ta fito da shi, ta juya shi a hasken ƙofa, ta shafa bakin da babban yatsa. Sai ta ce, "To su wane ne suka wasa shi? 'Ya'yan wa?" Har yau da wannan tambayar nake fita aiki.

Bayan bautar ƙasa ban samu aikin gwamnati ba, sai na shiga bin kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin ayyuka ga muhalli. Tun 1992 akwai dokar da ta ce manyan ayyuka, irin su hanya da dam da layin wuta, sai an duba ɓarnar da za su iya jawowa kafin a fara. Masu ba da lamuni irin su Bankin Duniya kuma sukan sa sharaɗi cewa in aka ci karo da kayan tarihi ana cikin aiki, a dakata a kira masani. Akwai kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana kowa tono don neman kayan tarihi sai da izininta, ta kuma ce wanda ya ci karo da su ya ba da labari cikin kwana bakwai. Tsakanin waɗannan takardu nake samun abincina. Ana ba ni taswirar inda aiki zai bi, in taka wurin da ƙafata, in rubuta abin da na gani, in ce nan a wuce, nan a kauce, nan a tona tukuna. Mai kwangila ke biyana, amma ƙasar da nake takawa ta wasu ce.

A aikina na farko ni kaɗai na yi kuskuren da ya sa na zauna rubuta wannan labari. Layin wuta ne zai ratsa wasu ƙauyuka a gabashin Jihar Kano. A ɗaya daga cikinsu mai unguwa ya haɗa ni da wani dattijo, ya ce babu wanda ya kai shi sanin dajin. Kwana biyu yana gaba ina binsa, da sandarsa da butarsa. Ya nuna mini kufai uku, ya gaya mini sunan kowanne, da dalilin tashin mutanensa: wannan rijiyarsu ce ta ƙafe, wancan yaƙi ne, wancan kuma annoba. Ya nuna mini ramukan tsohuwar marina da ciyawa ta rufe, da guntun ganuwa da ta zama tudu a tsakiyar gonar gero. Da hannunsa ya taya ni tsintar tsingaro, muka cika buhu biyu na ƙananan ledoji, kowace da 'yar takardar da ke nuna inda aka ɗauko ta. Na ba shi kuɗin goro ya ƙi karɓa. Ya ce, "In ka duba ka gane wani abu, ka dawo ka gaya mana." Na ce in Allah ya yarda.

Na rubuta rahoto da Turanci, aka karɓa, aka biya ni, wani aikin ya taso. Ban koma ba.

Bayan shekara huɗu na tsaya shan ruwa a wata kasuwar ƙauye, sai na ji an riƙo hannun rigata. Shi ne, ya ƙara tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ina kayanmu da ka ɗauka?" Babu faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai. Na rasa ta cewa. Da na koma Kano a daren na buɗe ɗakin ajiyar da na jibge buhunan, na tarar gara ta cinye takardun kaf, ledojin sun farfashe, tsingaron kufai uku ya gauraye ya zama tsibi ɗaya. Wanda ba ya wannan aiki ba zai san girman asarar ba. Tsingaro shi kaɗai ba ya magana, sai an san ramin da ya fito da zurfin da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Wahalar dattijon ta kwana biyu ni na zubar da ita. A daren nan ban runtsa ba.

Tun daga nan na sauya yadda nake aiki, kuma aikin da ya gwada ni shi ne na wata hanyar karkara a iyakar Kano da Jigawa, tsakanin ƙasar Gaya da ta Dutse. Hanyar kanta ba ta taɓa komai ba. Matsalar tana wurin da aka zaɓa za a haƙi burji, wani faffaɗan tudu bayan gari. Na hau shi da sassafe bayan ruwan farko, lokacin da ƙasa ke fito da abin da ta ɓoye, na ga saman tudun baƙi ƙirin da wasu dunƙule-dunƙule masu nauyi, masu ƙyalli, jikinsu kamar an narka kitse ya daskare. Kafin in taɓa komai na nufi ƙofar dagaci na faɗi na yi gaisuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a haɗa ni da maƙerin da ya fi kowa tsufa a garin nan."

Aka kawo shi a bayan babur. Ya tsuguna, ya ɗauki dunƙule ɗaya ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai hanci, ya ce, "Kashin tama ne. Wannan ba na maƙera ba ne, yaro, na masu narki ne. Na maƙera bai kai haka nauyi ba." Ya ce shi bai taɓa ganin ana narka tama ba, amma kakansa ya gani. Ana gina murhu da yumɓu, a jera gawayi da tama hawa-hawa, a kwana ana ba wuta iska, dattin ya narke ya tsiyaye, ƙarfen ya dunƙule a ciki. Ya ce sana'ar ta mutu ne da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, kuma maganarsa ta zo daidai da abin da aka sani, don jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ƙarfen waje da tsofaffin ƙarafa suka fi narki sauƙi. Ya sa ƙafa ya ture wani guntun yumɓu mai rami a tsakiya, bakinsa ya ƙone ya zama kamar kwalba, ya ce ta nan iska ke shiga murhun. Abin da na karanta a littafi na shekara huɗu ya nuna mini da yatsan ƙafa. Na tuna labarin da ake bayarwa na Abagayawa, maƙeran da aka ce daga Gaya suka tafi Dala neman tama, na kuma tuna an gwada gawayin wani murhun narki a Dala aka same shi na ƙarni na 7 ne. Tsigar jikina ta tashi.

Da izinin hukuma ya fito muka kafa fegi, muka ja igiya, muka buɗe rami biyu, kowanne mita biyu tsawo mita biyu faɗi. Kayan aikinmu ba su wuce na birkila ba: diga, cebur, kwanon sarki, cokalin magina, buroshi, rariya. Bambancin kawai shi ne ba ma gaggawa, kaɗan-kaɗan muke kankare ƙasa, duk kwanon da ya fito sai an rairaye shi. Kufai kamar juji yake, sharar jiya tana ƙasa, ta yau tana sama. A hawan sama na ramin da ke gefen tudun muka samu guntayen lofen shan taba da ƙwayar wuri guda uku, irin wanda aka yi kuɗi da shi a da. Taba daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta shigo ƙasashenmu ba sai wajen shekarar 1600, kuma kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ke nan mutanen hawan sama sun zauna bayan wannan lokaci. Da muka nutsa ƙasa lofe ya ɗauke, wuri ya ɗauke, adon bakin tukwane ya sauya, sai ga gindin murhu zagaye, ja jawur, da gawayi kwance a cikinsa. Gawayin ban taɓa shi da hannu ba, da bakin cokali na kwashe na naɗe a takardar alminiyom, don da shi ake auna shekaru ta hanyar sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730.

A kwana na uku magana ta zaga gari cewa tukunyar zinariya muke nema. Ban ga laifin kowa ba. Mutum ya zo daga birni da mota, ya shata igiya a bayan garinku, yana zuba ƙasa a leda, me za ka zata? Da asuba muka tarar an shiga ramin cikin dare an fasa wata tukunya da muka kwana biyu muna lallaɓawa, babu komai cikinta sai ƙasa. Direbanmu ya ce a kira 'yan sanda. Na ce a'a. Na koma wurin dagaci na roƙi a yi shela: daga yau duk abin da ya fito daga rami, da la'asar a gindin tsamiyar ƙofar gidansa za a wanke shi, kowa ya zo ya gani. Haka aka yi. Tabarma biyu, baho uku, tsofaffin buroshin haƙori. Yara suka fara zuwa, sannan mata suka aiko 'yan mata, sannan su da kansu suka fito. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta ɗauki tsingaro ta ce wannan adon da igiyar kaba aka murza shi a jikin ɗanyen yumɓu, ta aika aka ɗauko mata kaba ta tufka ta gwada mana a gabanmu, zanen ya fito iri ɗaya. Samarin nan uku da suka shiga ramin, da dagaci ya gano su, ni na roƙa a bar su, na ɗauke su aikin rairaya. Ɗayansu ya fi mu duka ido, shi ya tsamo wani ɗan dutsen wuya da bai kai ƙwayar dawa ba.

A makon ne kuma wani baƙo ya same ni a masauki, ya ce in wani mutum-mutumi ya fito yana da masu saye. Irinsu ne suka sa aka yi ta farfasa kufai a Nok da Katsina da Sakkwato a shekarun 1990, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa waɗannan kayan cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Na sallame shi, na kuma gaya wa dagaci kamanninsa.

Ranar da ta fi kowace nauyi ita ce ranar da buroshina ya taɓa ƙashi. Na share kaɗan na ga haƙarƙari ne na mutum. Na ce kowa ya ajiye kayan aiki, na cire rigata ta sama na rufe wurin, na aika a kira dagaci da liman. Mamacin yana kwance a dunƙule, gwiwa ta taɓo ƙirji, ba irin kwanciyar da muke yi wa namu ba. Wani daga cikin jama'a ya ce ai ba Musulmi ba ne, babu komai. Liman ya juya ya dube shi ya ce, "Ɗan Adam ne dai. Allah ya karrama shi tun kafin ni da kai." A makaranta an koya mana ƙashi na iya faɗin shekarun mutum da abincinsa da cutar da ta dame shi, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya so in ɗaga shi. Amma na tambayi liman da dagaci me suke so, suka ce a bar shi inda danginsa suka kwantar da shi. Na auna, na zana, na ɗauki hoto, muka mayar da ƙasa da hannu.

Duk wannan ana yi katafila tana tsaye a bakin tudu. Injiniyan aikin ya same ni ya ce, "Malam, kullum injin nan na kwana a tsaye kuɗin haya nake biya, ga damina ta kawo jiki. Sa hannu kawai nake nema." Ba mugun mutum ba ne, kuma gaskiya yake faɗi. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san yadda ake ɗora mai naƙuda a amalanke in rafi ya kawo. Duk mai wannan aiki da yake ganin tsingaro ya fi hanyar asibiti daraja, bai san ƙauye ba. Amma na ce masa, "Yallabai, hanya za a yi ta, burji kuma akwai shi a wani wuri. Wannan tudun in ya tafi ya tafi ke nan. Ba ni kwana biyu." Ba a ofis aka warware ta ba. Tsohon maƙerin ne ya ce akwai wani fako a arewa da gari, marmara ce zalla, ko ƙaya ba ta fitowa da kyau. Aka gwada ƙasar ta yi, mai wurin ya yarda aka biya shi diyya, katafila ta juya. Kwana tara aikin ya yi jinkiri, kuma wannan kamfani bai sake kirana ba. Wasu sun kira.

Rahoton Turanci na miƙa wa masu shi, kayan da muka tono na miƙa wa hukuma kamar yadda doka ta ce. Amma kafin nan na rubuta jerin kowane abu da Hausa, ni da dagaci muka sa hannu, ya riƙe kwafi. Bayan wata biyu na koma da shafi uku na bayani da Hausa da hotuna manya. Aka karanta a ƙofar dagaci bayan sallar Juma'a, ranar Litinin kuma na shiga firamaren garin aji-aji. Na riƙe kashin tama na ce wa ya san wannan, hannuwa suka tashi, duk sun saba jifan tsuntsu da shi. Da na ce musu shaida ce ta cewa a bayan garinsu an taɓa fitar da ƙarfe daga dutse, ajin ya yi tsit. Wata yarinya a layin baya ta ce, "Malam, kakanninmu ne?" Na ce mata maƙerin garinsu ya gane aikin da kallo ɗaya, mai tukwanen garinsu ta maimaita adon da hannunta, ta je ta tambaye su abin da kakanninsu suka gaya musu, ta rubuta ta ajiye.

Daga can ban koma Kano ba, na wuce ƙauyen dattijon nan na farko. A bayan mota akwai akwatin katako da na zuba tsingaron da ya gauraye, a aljihuna kuma akwai tsohon littafin da na riƙa rubuta maganarsa a kwanaki biyun nan, wanda Allah ya sa gara ba ta kai gare shi ba. Na tarar ya rasu da kaka. Babban ɗansa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, na yi ta'aziyya, na gaya masa duk abin da ya faru ban rage komai ba, har da garar. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya sha ambatonka."

Akwatin muka kai wa hedimasta ya ajiye a makaranta. Littafin kuwa na buɗe a zauren na fara karanta musu, ƙannensa da jikoki suka taru har bakin ƙofa. Na karanta sunan kufai na farko da labarin rijiyar da ta ƙafe, na karanta na biyu. Da na zo na uku ɗan ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya Malam, ba haka Baba ke faɗin sunan ba, ka tsallake harafi." Ya maimaita mini sau biyu a hankali. Na ciro biro na gyara, na ce ya ci gaba daga inda mahaifinsa ya tsaya, ya ce sai dai mu je wurin, don akwai na huɗu a bayan rafi da ba su kai ni ba wancan karon. Ya shiga gida ya ɗauko sandar tsohon, muka fita.